Yadda muka rubuta mai ɗauke da ƙanjamau a wasan talabijin

Sana'ata rubuta wasan kwaikwayo mai dogon zango, kuma cikin ayyukan da suka biyo ta hannuna akwai wanda aka nemi mu saka labarin ƙanjamau don a rage tsangwama. Babban abin da na gane a aikin shi ne mai kallo ba ya ɗaukar nasihar da likita ke yi a ƙarshen shiri. Abin da idonsa ya gani yake tafiya da shi. In ka kwashe minti ashirin kana nuna mutum ya rame yana tari a kan tabarma, dangi suna toshe hanci, sannan a minti biyun ƙarshe wani ya ce kada a ƙyamace su, to ƙyamar ka koyar.

Magana ta farko a ɗakin rubutu ita ce wa za a ɗora wa cutar. Alƙalami da kansa yake tafiya wajen direban babbar mota, ko mai zaman kanta, ko ɗan bariki da ya dawo daga Legas. Mun hana kanmu wannan. Da zarar ka ba mutumin da ake gani na banza cutar, labarin ya koma na alhaki, mai kallo ya ce Allah ya ƙara, ya kuma cire kansa daga layi. Sai muka ɗora ta a kan matar aure, malamar firamare, wadda aka gano a wajen awon ciki, inda ake gano mata da yawa. Zangon kashi 13 ne, ba mu bayyana ba sai a kashi na biyar. Kafin nan masu kallo sun saba da ita, sun yi dariya da ita, sun tsaya mata a rigimarta da uwar miji.

"A ina ta samo?" Wannan tambayar tarko ce, kuma furodusa zai matsa a amsa ta. In ka ce mijin ne, wasan ya zama farautar mai laifi. In ka ce ƙarin jini ne ko askar wanzami, ka raba masu cutar gida biyu ke nan: waɗanda tsautsayi ya faɗa wa, da waɗanda suka jawo wa kansu. Mun sa tambayar a bakin uwar mijin, ma'aikaciyar lafiya ta amsa mata cewa gwajin ba ya faɗin ranar da cuta ta shiga, balle ta hannun wa. A nan muka bar ta.

Sai mai kwalliya. In ba ka tsaya a kansa ba zai shafa farar hoda a leɓe, ya zizara baƙi a ƙasan ido, mai kula da sutura ya kawo rigar da ta fi ta girma. Wannan hoton shekarun 1990 ne, kafin magani ya wadata. Yau ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, wadda a asibiti ake kira TLD. Mai shan ta a kan ƙa'ida, galibi cikin wata shida ƙwayoyin cutar sun yi ƙasa sosai a jininsa, kuma in suka sauka ƙasa da 200 a kowane mililita ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Don haka malamarmu ta ci gaba da zuwa makaranta da jikinta yadda yake. Abin da ya ƙaru kawai ƙaramar robar magani a cikin akwatin zannuwa, da wayarta da ke ƙara ƙarfe tara na dare.

Fitowar gwaji ma tana da ramin faɗawa. Darakta yana son nas ta faɗi sakamako a baranda, maƙwabciya ta tsinta, don ya fi tashin hankali. Amma wanda ya ga haka ya koyi cewa asibiti ba ya riƙe sirri, ba zai je ba. Mun nuna abin yadda ya kamata ya kasance: ɗaki a rufe, a soki yatsa, a jira kamar minti 15 zuwa 20, a maimaita da wani gwajin don tabbatarwa. Da shugaban makarantar ya so sallamar ta, muka sa wani ya tuna masa dokar Najeriya ta 2014 da ta haramta nuna wa masu cutar bambanci a wurin aiki.

Wurin da ya fi ba mu aiki shi ne kofi. Uwar mijin ta ware mata kofin silba, ta ɗaura masa jan zare a mariƙi, ta ajiye shi can gefen randa. Ba wanda ya ce uffan, kyamara ce kawai take komawa kansa. Bayan kashi uku, da ta raka ta asibiti ta ji bayani da kunnenta, sai aka ga ta dawo daga unguwa da ƙishi, ta ɗauki kofin nan ta sha, ta kwance zaren. Wanda ya yi aikin shi ne muhimmi. Da likita ne ya sha, da an ce aikinsa ne. Sai mutumin da mai kallo yake jin nauyinsa kuma yake kama da shi, wanda da farko shi ma ya ji tsoron.

Ƙa'ida biyu muka riƙe a nan. Duk fitowar tsangwama sai an mayar mata da martani a kashin da ta fito ko wanda ke bi masa, domin mutane suna tsallake kashi, kuma ana yanko guntaye a watsa a TikTok da Facebook ba tare da ƙarshen ba. Na biyu, ba a ba mai tsangwama magana mafi ban dariya. In ɗan barkwanci ya ce "kabari salamu alaikum" aka yi shewa, gobe yara za su jefi wani da ita a layi.

Jaririn mun bar shi ya fito lafiya, kuma ba alfarma muka yi ba. Ba tare da magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suke ɗauka daga uwa. Da magani abin yana sauka ƙasa da 5. Mun nuna ruwan maganin da ake ɗiga wa jariri, da gwajin sati shida, muka kuma bar ta tana shayarwa. Mijin bai ɗauka ba, auren bai mutu ba. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024, domin iyalai da yawa za su riƙe takardar sakamako ba su san me za su yi da ita ba.

Kada dai a ɗora wa wasa abin da ba zai iya ba. Binciken da aka yi da shirin MTV Shuga, wasan talabijin da ke taɓo batun ƙanjamau, a kan matasa sama da 5,000 a kudu maso yammacin Najeriya ya nuna zuwa gwaji ya kusan ninkawa ga waɗanda suka kalla, amma amfani da kwaroron roba bai motsa ba.

Kafin a haska, muna nuna wa rukuni na mutum takwas zuwa goma, maza daban, mata daban. Ba ma tambaya me kuka koya, don za su karanto maka abin da kake son ji. Muna tambaya: za ki sayi awara a hannunta? Za ka bar ɗanka a ajinta? Rubutun kuma sai masu ɗauke da cutar, irin 'yan ƙungiyarsu ta Najeriya, wato NEPWHAN, sun karanta, a biya su ladan aikinsu, ba a ɗauki hotonsu ba.

Jarumar ma sai an zauna da ita tun kafin ta sa hannu, don za a riƙa kiran ta da sunan wasan a kasuwa, wasu su ɗauka gaske ne. A shirya mata amsar da za ta bayar in an yi hira da ita. In ta hau rediyo tana rantsuwa cewa ita lafiyarta ƙalau, Allah ya tsare ta da wannan ciwo, ta rushe kashi 13 a zama ɗaya.