Takardar wutar Anti

Talata. Zafi tun sassafe, irin na Houston ɗin nan mai haɗe da danshi. Na sauke Ummi a makaranta na biya shagunan titin Hillcroft, yau sun kawo kuɓewa ɗanya mai kyau har da yakuwa, na dawo gida cikin nishaɗi abina.

Ina cikin yanka kuɓewar Anti ta kira. "Ke 'yar nan, zo ki duba min takardar wutar nan, kaina ya kulle."

Na same ta a falo ta kashe AC, fanka kawai ke juyawa, tana ta sharce gumi da gefen mayafi. Kuɗin wutarta ya kusa ninkawa. Ina dubawa na ga abin da ya faru, kwantiragin da marigayi Kawu ya sa wa hannu ya ƙare, kamfanin ya mayar da ita kan farashin wata-wata wanda suke ɗagawa yadda suka ga dama. Sun aiko da wasiƙar sanarwa, doka ce ta tilasta musu, amma tana can cikin tulin takardun talla, ita duk ambulan da ta ga hoton kwan fitila a jiki ta ɗauka talla ce. Kawu ne ke kula da duk wannan.

Ta ce to mu kira CenterPoint mu ba su haƙuri. Na ce Anti ba su ne ke sayar miki ba, su nasu turaku ne da wayoyi da mita, in wuta ta ɗauke su za a kira, amma mai sayarwa daban, shi ne kike zaɓa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To wayar ɗaya ce, wutar ɗaya ce, ni me nake zaɓa?"

Wallahi tun ɗazu tambayar nan take min yawo a kai.

Muka buɗe shafin intanet na Power to Choose, na hukumar wuta ta jihar Texas, na sa lambar unguwarta, jerin tsare-tsare ya fito ba ya ƙarewa. Ta nuna na sama ta ce ga mai arha nan ai. Na buɗe takardar bayaninsa, wadda dole kowane kamfani ya fitar, mai nuna farashi in ka sha yunit 500 da 1000 da 2000 a wata. A 1000 arha kamar kyauta, saboda sai ka kai nan suke cire maka wani kaso, a 500 kuwa tsada ce tsagwaronta, kuma Anti ita kaɗai ce a ɗan gidan nan, in ba tsakiyar zafi ba ina za ta kai 1000? Wani kuma wai dare kyauta. Ta ji daɗin wannan, na ce Anti ke da kike wuni a gida, kuɗin daren a rana suke fanshe shi. Ga kuɗin tara in ka fita kafin wa'adi. Kuɗin dakon wutar na CenterPoint kuwa duk wanda ka zaɓa ɗaya ne, ba ya canzawa. Kamar dai cinikin atamfa ne a Kwari, sai ka warware ta ka duba har ciki, to amma can da harshenka kake ciniki kuma kana ganin fuskar mai shago.

Na tuna mata Fabrairun 2021 lokacin ƙanƙarar nan, da farashin sari ya kai dala 9 kan yunit ɗaya, masu sayen wuta a kamfanin Griddy da ke biyan farashin sari kai tsaye suka ga bil na dubban daloli, mutum 246 kuma suka rasu sanadin ƙanƙarar a ƙidayar jihar. Daga baya aka hana sayar wa gidaje irin wannan tsarin. Ta ce Allah Ya jiƙan musulmi, ita dai a nemo mata wanda ba ya motsi. Muka ɗauki na shekara ɗaya, farashi tsayayye, babu wani rangwame babu kyautar dare. Ba shi ne mafi arha a jerin ba, amma shi ne wanda na iya yi mata bayaninsa da Hausa ta gane tas.

Da zan fito na tarar da tsohon nan na gidan kusa yana ba ciyawa ruwa, Anti ta riga ta kai masa ƙorafi jiya ashe. Ya ce shi da ya taso kamfani ɗaya ne a garin nan, Houston Lighting & Power, tun 1882 asalinsa, shi ke samar da wutar shi ke kawowa shi ke karɓar kuɗi. A 1999 aka yi dokar da Bush ya sa wa hannu yana gwamna, Janairun 2002 aka buɗe kasuwa, aka raba kamfanin, wayoyi suka koma CenterPoint, sayarwa ta koma kamfanin Reliant. Austin da San Antonio ba su shiga ba, har yau wutarsu ta birni ce. Daga nan ya gangara tarihi kamar yadda ya saba, ya ce 'yan'uwan nan biyu su Allen da suka kafa garin a 1836 bakin rafin Buffalo Bayou, talla suka buga a jarida cewa wuri ne mai tudu mai iskar teku mai lafiya, mutane suka taso daga nesa suka tarar da taɓo da sauro. Har garin ya zama hedikwatar Jamhuriyar Texas na ɗan lokaci kafin a koma Austin a 1839. Ya ce garin ya yi albarka daga baya, amma waɗanda suka zo da fari sun sha wuya.

Abban Ummi da na ba shi labari da daddare ya ce shi fa tsarin ya yi masa, duk shekara yana zama ya kwatanta ya sauya, kuma yana samun sauƙi. Gaskiyarsa ne, ban musa ba. Amma shi yana da boko da kwamfuta da haƙurin lissafi. Sauƙin da yake samu ina jin irin su Anti ne ke biyansa, tsofaffi da zawarawa da sababbin zuwa waɗanda wasiƙa ke wucewa ba su sani ba. Mata nawa ne a masallacinmu ke zaune cikin zafi yanzu haka da AC a kashe suna zaton haka farashin yake ga kowa? Abin ya tsaya min a rai, ko tuwon kirki ban ci ba.

Na sa ranar ƙarewar kwantiragin nata a wayata. Ranar Asabar zan roƙi Malama ta ba ni minti goma bayan karatu, kowa ta zo da takardar wutarta mu duba tare.

Gobe Ummi na da likitan haƙori ƙarfe tara, ga wanki ya taru.