Mun kai ƙananan jiragen ƙasanmu baje kolin York

Da sassafen Juma'a muka bar Manchester, mota shaƙe da allunan katako huɗu da muka shimfiɗa dogon ƙananan jiragen ƙasanmu na kwaikwayo a kai, kowanne tsawon ƙafa huɗu. Bibbiyu muka ɗaure su, fuska da fuska, don kada girgizar hanya ta karya ƙananan gidaje da sigina. Kawunan jirage da taragu suna cikin akwatuna masu soso. Muka haye tsaunukan Pennine ta M62, muka shiga York ta A64. Baje kolin ana yin sa ne a hutun Ista, a ginin filin sukuwar dawaki na Knavesmire.

Samfurinmu OO ne, wanda ya fi yawa a Ingila: milimita 4 na madadin tsawon ƙafa ɗaya a jirgin gaske, faɗin dogo milimita 16.5. A wannan ƙanƙanta, kuskuren rabin milimita ya isa ya kayar da jirgi. Shi ya sa kafin mu jona waya ko ɗaya sai da muka bi allunan da ma'aunin lebur, muna cusa guntayen kwali ƙarƙashin ƙafafun tebur, domin daɓen zaure ba irin na gida ba ne. Kowace gaɓa na bi ta da farce. Inda farce ya tsaya, nan ƙafar jirgi za ta yi tuntuɓe.

Asabar da hantsi taragon gawayi ɗaya ya fara sauka daga dogo a mararraba. Tambayar farko kullum ita ce: tarago ɗaya ne ke faɗuwa ko'ina, ko kuwa kowa na faɗuwa wuri ɗaya? In na farko ne, laifin taragon ne. In na biyu ne, a duba dogo. Wannan shi kaɗai ne. Na juya shi gaba ya koma baya, ya sake faɗuwa. Sai na ɗauko ma'aunin tagulla na auna tazarar da ke tsakanin bayan ƙafafunsa biyu. Milimita 14.5 muke so, shi kuwa ma'aunin ya ƙi shiga sam. Idan tazarar ta matse, bayan ƙafar kan hau ɗan dogon kariya da ke mararraba. Idan ta yi faɗi, bakin ƙafar kan daki tsinin mahaɗar. Na murɗa ƙafar a hankali a kan sandarta har ma'aunin ya zauna daram. Na kuma manna masa dalma a ƙasa, don mu giram 25 muke ba kowace sandar ƙafa. Tarago marar nauyi a tsakiyar masu nauyi, da an turo jirgi da baya, sama yake yi.

Matsalar da ta fi ba mu wahala da azahar ta zo. Zaure ya cika, zafi ya ƙaru, kwatsam komai ya tsaya cak, na'urar DCC, wadda ke sarrafa jiragen ta wutar dogo, ta yanke wuta. Dogon ne ya miƙe. A tsawon kusan mita 5, ƙarin zafi na digiri 10 kan ƙara masa abin da ya kusa milimita ɗaya, kuma wannan ya isa ya rufe ɗan gibin da ke raba wuta a bayan mararraba. Muka sake tsaga gibin da siririn zarto, muka cusa ɓallin roba, muka ɗiga gam. Da tun a gida aka yi haka, da ba mu tsayar da 'yan kallo ba.

Ƙaramin kan jirgi mai ƙafa shida shi ma ya riƙa sarƙewa. Ƙura ce da zaren tufafin jama'a suka taru bayan siraran ƙarafan da ke ɗebo wuta daga ƙafafu. Na tsince su da hantsaki, na shimfiɗa ƙyalle mai sifirit a kan dogo, na ɗora rabin ƙafafun a kai suna juyawa har baƙin layi ya daina fita. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura. Fiye da haka datti yake kira.

Taragu uku da ƙugiyar haɗa su ta sunkuya ban taɓa su gaban jama'a ba. Na sa su a akwati daban da alamar jan tef, muka loda su da yammacin Litinin muka kamo A64.