Turjiyar da ba a zana ta a takarda

Yaron da ya shiga koyon aikin wayarin a Agege ko Idi-Araba da ke Legas yakan iya haɗa soket da makunni cikin 'yan makonni. Abin da ke cin shekaru shi ne gane dalilin da waya ke ɗaukar zafi alhali ba ta taɓa 'yar'uwarta ba, ko dalilin da talabijin ɗin wani shago ke ƙonewa a daidai lokacin da kwan fitilar maƙwabcinsa ke ci kamar aci-bal-bal. Amsar duka tana cikin dokoki uku da ake haddacewa a aji don jarrabawa, sannan a manta da su a bakin aiki.

Ta farko ta Georg Ohm ce, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827. Folt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, amfiya yawan wutar da ke wucewa, om kuma turjiyar da hanya ke yi mata. Ninka amfiya da om, sai ka sami folt ɗin da ya zube a wannan wurin. Zafin da wurin ke fitarwa kuwa, amfiya sau amfiya sau om ne, ana auna shi da wat. Ke nan idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi.

A zanen aji, waya layi ce kawai, ba ta da turjiya. A bakin aiki ba haka ba ne. Ɗauki wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 da aka ja mita 30 daga janareta zuwa shago. Wutar za ta je ta dawo, saboda haka tsawon mita 60 ne, turjiyarsa wajen om 0.7. Ɗora mata amfiya 10, folt 7 sun salwanta a hanya, wayar kanta tana dafa wat 70. Idan kuma irin wayar nan ce da aka rubuta mata 1.5 amma cikinta 1.0 ne, turjiyar ta koma om 1.05, zafin ya kai wat 105. Akwai ma wadda alminiyam ce aka yi mata fentin jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa, za ka ga fari. Turjiyar alminiyam ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen inbata. Mutum zai je kasuwar Alaba ya kashe kuɗi masu yawa a kan batir, sannan ya yi rowa wajen wayar da za ta haɗa su. Kaya mai wat 1000 a kan folt 230 bai wuce amfiya 4 da 'yan kai ba. Wat 1000 ɗin nan a ɓangaren batir mai folt 12 ya haura amfiya 83. Idan kan batir ya yi tsatsa ko noti bai ɗauru ba har ya samar da turjiyar om 0.01 kacal, wannan ɗan wurin zai riƙa fitar da kusan wat 70, wato zafin tsohon kwan fitila a kan wuri mai faɗin farce. A Legas kuwa, ga laima ga iskar teku mai gishiri, tsatsa ba ta jiran shekara. Mitar awon wuta mai araha ba za ta karanta om 0.01 ba, don haka kada ka ɓata lokaci kana auna turjiya. Kunna kaya, ka sa mita a kan folt, tsinke ɗaya a kan ƙusar batir, ɗaya a kan bakin wayar. Mahaɗa mai lafiya kusan sifiri za ta nuna. Idan ka ga kusan folt ɗaya, kwance, goge, ɗaure.

Sauran dokoki biyun na Gustav Kirchhoff ne, daga 1845. Ɗaya ta ce duk wutar da ta shiga mahaɗa sai ta fita, ba ta taruwa ba ta ɓacewa. Ɗayar ta ce idan ka zagaya da'ira ka dawo, folt ɗin da suka zube a hanya daidai suke da wanda tushen wutar ya bayar. Daga nan ake gane bambancin haɗi biyu: a jerin gwano amfiya ɗaya ce ke ratsa kowa, ana raba folt, a kafaɗa da kafaɗa folt ɗaya ne, ana raba amfiya. Shi ya sa bai kamata a jera tsohon batir da sabo don samun folt 24 ba. Caja za ta ba da jimilla daidai, a ce 28.8, amma rabon zai iya zama 15.5 da 13.3, ɗaya yana tafasa, ɗaya bai ƙoshi ba. A auna kowane batir shi kaɗai.

Sai maganar shagunan nan biyu. Tsakanin kowane layin da ke kawo wuta da nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, folt 230 ne, tsakanin layi da layi kuwa wajen 400. A ce shago na farko yana kan wani layi da kayan wat 100, turjiyarsa kusan om 530; na biyu yana kan wani layin da dutsen guga mai wat 1000, om 53. Nutiral ɗaya suke rabawa. Ranar da ta tsinke ko ta saki a sandar wuta, wutar ba ta da hanyar komawa sai ta cikin kayan maƙwabci. Shagunan biyu sun zama jerin gwano a kan folt 400, kuma mai turjiya babba shi ke kwashe kaso babba: kusan 364 ga mai ƙaramin kaya, 36 ga mai guga. Jama'a sai su ce an kawo wuta mai ƙarfi, alhali sau da yawa noti ɗaya ne ya saki. A ganina wannan ne lissafin da ya fi cancanta a koya wa almajirin sana'a tun kafin a ba shi tsani.

Kafasita da koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Kafasita tana ajiye caji, tana iya fizgar mutum bayan an kashe wuta, sai a sauke ta ta cikin rezista, wato ɗan kayan da aka yi don turjiya, kafin a taɓa. Fankar sama da ke gurnani sai an tura ta da sanda, galibi kafasitarta ce ta mutu, mai wajen maikrofarad 2.5. Injin firji kuwa yana jan amfiya ninki da dama a lokacin tashi, abin da ke sa ƙaramin janareta tari ke nan.

Ita ma mitar tana ƙarƙashin dokokin. Folt ana auna shi kafaɗa da kafaɗa, amfiya a jerin gwano, om kuma sai an kashe wuta. Wanda ya bar ta a kan amfiya ya cusa a soket ya haɗa layi da nutiral kai tsaye. In ya yi sa'a fis ɗin cikinta ne kawai zai tafi. Idan kuma ana zargin nutiral, a auna kowane layi da ita, sannan a kunna dutsen guga a layi ɗaya. Folt ɗin wannan layin ya faɗi, na wani layin ya hau, to a kashe babban makunni a bi nutiral tun daga allon rabon wuta har zuwa sanda.