Kabewata ta bayan gida

Wallahi bara kabewar nan ta ban haushi, ta yi yaɗo har ta haye danga, fure kam ba a magana, amma 'ya'yan da sun kai girman ƙwai sai su yi ɗorawa su ruɓe. Ashe furen iri biyu ne, namiji mai siririn kara da tamace mai ɗan ƙulli a gindinta, kuma ƙudan zuma ne ke kai garin namijin gun tamacen, ni kuma na yi ta fesa maganin ƙwari ina korarsu.

Bana na daina feshin. Da sassafe kafin rana ta yi zafi furen ya rufe, nakan tsinko namijin in cire ganyensa in goga a tsakiyar tamacen a hankali. Yanzu guda 4 sun kama, miyar taushe kawai nake jira.