Kuɗin haya sau ɗaya a shekara, gyara kuwa ba ya jiran wa'adi

A Kano kuɗin haya shekara-shekara ake biya, kuma a nan wahalar mai gida take farawa. Kuɗin zai shigo a dunƙule, ka biya kuɗin makaranta, ka sayi buhun shinkafa, sai a watan Agusta ɗan haya ya bugo waya da tsakar dare: "Alhaji, silin ya zubo." Yanzu ranar da kuɗin ya shigo nake cire kashi ɗaya cikin goma na kowane ɗaki, in zuba a wani asusu da ban riƙe katinsa ba. Gidan da ya tsufa, kashi biyu.

Rufi shi ne mai cin kuɗi. A watan Afrilu, tun kafin ruwan farko, nake sa kafinta ya hau. Yawanci ba kwanon ne ya huje ba, robar da ke ƙarƙashin hular ƙusa ce rana ta cinye, ruwa yana bi ta nan a hankali ya jiƙa katako, gara ta samu wurin zama. Canza ƙusoshi aikin yini ɗaya ne. In ka bari, sai ka sayi katako da silin da fenti, har da wayar wuta. A share indararo ma, don ƙurar hunturu da leda kan toshe shi, ruwa ya koma ta bayan bango. Kada ka yarda a liƙe yoyo da siminti a kan kwano. Zafi na buɗa ƙarfe, simintin ya tsage cikin 'yan makonni.

Injin burtsatse ma akwai dabara. Idan ya ƙi tashi, masu gyara suna saurin cewa a zaro shi. Ka sa a fara duba kafasita, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa injin ya tashi, da ke cikin akwatin sarrafa shi a bango, sau da yawa ita ce ta mutu, kuma kuɗinta bai kai komai ba kusa da na sabon inji. Abin da ke ƙona injin da gaske shi ne ƙarancin ƙarfin wuta, da kuma barinsa yana aiki a bazara bayan ruwa ya ja ƙasa. Mutum ɗaya na ba makullin, ba kowa ke kunnawa ba.

Kayan gyara ni nake zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa in saya da kaina, kuɗin aiki daban. Rabi kafin a fara, rabi bayan na zuba ruwa bokiti biyu a inda aka gyara na ga ko digo babu.

Tashin hankalin kuwa, yawancinsa daga gardamar wa zai biya yake fitowa. Kafin in miƙa makulli muna zagaya gidan tare, in ɗauki hoton kowace ƙofa da famfo, mu rubuta a gaban shaidu biyu: rufi da bango da sokawe nawa ne, kan famfo da kwan fitila da toshewar da famfas ɗin yara ya jawo na ɗan haya ne. Kowa da mitarsa mai kati. Na kuma gaya musu ƙarara, bayan Isha'i in ba gobara ko fashewar bututu ba, a turo hoto ta WhatsApp, da safe zan zo da mai gyara.