Daga Kano zuwa Ososa, gidan Hubert Ogunde

Daren jiya na dawo, ƙafafuna har yanzu a kumbure suke saboda zaman mota, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi a raina. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koya wa 'yan sakandare wasan kwaikwayo, kuma tun ina ɗalibi nake jin sunan Hubert Ogunde, Bayarben da ake kira uban wasan dandamali na zamani a Najeriya. Da aka ba da hutu sai na ɗaura niyyar zuwa garinsu in ga abin da ya bari.

Motar dare na bi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai game da hanyar. Bayan mun wuce Lokoja, gab da asuba, aka tsayar da mu a wani shinge. Wani jami'i ya sa na buɗe jakata, ya zazzage littattafan rubutuna a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ya ce, "Aboki, me za ka je yi a can?" Na ce gidan tarihi zan je. Ya jefo mini katin shaidata ƙasa ya juya. Wata dattijuwa Bayarba da ke kujerar kusa da ni ce ta sauko ta taya ni tsincewa, tana goge littattafan da bakin zanenta, tana zazzaga masa faɗa da yarensu. Allah ya saka mata da alheri.

A Sabon Shagamu na sauka, gidan wani aminin mahaifina, dillalin goro, wanda a can aka haife shi. Tun daga zaure ƙamshin ɗanyen goro da ganyen fita ke tarbar mutum, huhuna jere har kusa da rufi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ce, "Ɗana, tun daga Kano saboda Baba Ogunde?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba Alhaji." Ashe yana saurayi ya kalli fim ɗinsa Aiye a silima, ya ce mutane har kan katanga, kuma sai da ya yi kwanaki yana tsoron fita da dare saboda mayun cikin fim ɗin. Kwana biyu na yi a gidansa bai bar ni na sayi ko ruwan leda ba, ya kuma haɗa ni da autansa ya zama tafintana.

Ososa ƙaramin gari ne daf da Ijebu Ode, a kan babbar hanyar da ta nufi Benin. Ɗan acaɓa ya yanka mini kuɗi ninki biyu da ya ga hulata, yaron Alhaji ya yi masa magana biyu da Yarbanci, nan take kuɗin ya dawo rabi. A nan aka haifi Ogunde a 1916, a nan aka binne shi bayan ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990. Iyalinsa ne suka mai da gidansa gidan tarihi a 2015.

Motar da ƙungiyarsa ke yawo da ita ta fara tsayar da ni. Na daɗe ina dubanta, ina lissafin yadda mutum zai loda matansa da 'ya'yansa da ganguna da fitilu ya bi gari gari da su har Arewa, a hanyoyin wancan zamani. Matansa su ne 'yan wasansa, domin a lokacin iyaye ba sa yarda 'ya'yansu mata su hau dandamali. Wannan kam ba baƙon abu ba ne a wurina. Bara sai da na je gidaje huɗu ina roƙo kafin a bar mini yarinya ɗaya ta fito a matsayin uwa.

A ciki akwai tufafin wasa da ganguna da faya-fayen garmaho, amma takardu da hotuna su suka fi riƙe ni. Fastocin talla ne da launinsu ya koɗe, da hotunan ƙungiya baƙi da fari, kowane yana nuna wani zango na rayuwarsa. Malamin makaranta ne da farko, daga baya ya shiga aikin ɗan sanda. Yana cikin kaki ya shirya wasansa na farko a 1944 a zauren Glover da ke Legas, wata majami'a ce ta ɗauki nauyi. Da ya ga karɓuwar da aka yi masa sai ya ajiye aikin albashi ya kafa ƙungiyar da da wasa kaɗai take ci. Shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ke tsara waƙa da rawa, shi ke nemo kuɗi. Wasanninsa sun haura 50.

Mai zagayawa da mu, da ya ji daga inda nake, ya tsaya ya ce, "Malam, ai garinku ma sun kore mu." Ya ba ni labarin Bread and Bullet, wato burodi da harsashi, wasan da Ogunde ya yi kan ma'aikatan haƙar kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Inugu a Nuwamban 1949. Da ya kai wasan Kano a farkon shekarun 1950, hukuma ta hana shi nunawa. Tsigar jikina ta tashi. A Kano aka haife ni, a Kano nake koyar da wannan fanni, amma sai a ƙasar Ijebu na ji wannan yanki na tarihin garinmu. Bayan 'yancin kai ma bai tsira ba. A 1964 gwamnatin Akintola ta haramta wa ƙungiyarsa wasa a Jihar Yamma saboda Yoruba Ronu, ma'ana Yarbawa ku yi tunani, sai a 1966 gwamnan soja Fajuyi ya ɗage haramcin. Aikinsa na ƙarshe ma a Arewa ya yi shi, wajen ɗaukar wani fim na Turawa a yankin Jos.

Ina tsaye gaban fastocin nan hankalina ya koma gida. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi yake rubuta wasan kwaikwayo yana sukar zalunci da shi. Mun tashi muna kallon Kasimu Yero da Samanja. Muna da Gidan Makama, muna da Gidan Ɗan Hausa, amma ban taɓa shiga ɗaki ɗaya da aka keɓe wa ɗan wasan Hausa ba. Malamin da ya koya mini wannan sana'a ya rasu ya bar adaka cike da rubutattun wasanni, aka tura ta ɗakin ajiya, gara ta shiga. Ina cikin waɗanda suka san da adakar, ban motsa ba. Abin ya ci mini rai a Ososa fiye da ranar da aka faɗa mini.

Abincinsu kuwa, na ci ikokore, faten wata irin doya da manja da busasshen kifi, ya yi mini daɗi ƙwarai. Garin kwakin Ijebu ya fi namu tsami da laushi, kuma ya fi sauƙin kuɗi a can nesa ba kusa ba, na auno kwano uku. Gaisuwarsu ga manya ta burge ni, saurayi da wandon zamani sai ya zube ƙasa ya gai da tsoho. Tuƙinsu ne ban yaba ba.

Dawowa ta Badun na biyo, sai Ilori, sai Jebba, muka sha ramuka a wajen Mokwa, taya ta fashe sau ɗaya. Alhaji ya ba ni ƙwaryar goro in kai wa mahaifina. Da safen nan na je gidan marigayi malamina, uwargidansa ta sa aka fito mini da adakar. Littattafan rubutu uku ne suka tsira, ɗaya rabinsa ya tafi. Suna nan gabana a cikin leda, gobe zan kai a yi musu hoto shafi shafi.