Lambobin ɗan sandan doki a Rijaina

Daga Winifeg zuwa Rijaina, babban birnin lardin Saskachewan, tafiyar kusan kilomita 570 ce a kan babbar hanyar da ta ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma. Ba tudu ba gangare, sai gonakin alkama iya ganinka. Yayana ne ke tuƙi, ni kuwa ina fama da gyangyaɗi, har na shiga tunanin mutanen da suka keta wannan fili a kan dawaki a 1874, shekara guda bayan kafa rundunar 'yan sandan doki ta Arewa maso Yamma. Daga Fort Dufferin a Manitoba suka taso sanye da jajayen riguna, dawakinsu da dama suka mutu a hanya saboda yunwa da sanyi.

A Rijaina rundunar ke horar da kuratanta tun 1885, kuma a bakin barikin aka buɗe gidan tarihinta a 2007. Akwai sirdi da linzami da tsofaffin bindigogi, duk na wuce su da sauri. Inda ƙafata ta kafe shi ne gaban wani akwatin gilashi mai ɗauke da lambobin yabo na mutum ɗaya, an jera su a kan ƙarfe guda yadda yake maƙala su a ƙirji.

Ta farko ta azurfa ce, da kan Sarauniya Biktoriya, ƙyallenta ja da shuɗi da ruwan lemo. Lambar yaƙin Afirka ta Kudu ke nan, wanda aka yi daga 1899 zuwa 1902. A jikin ƙyallen akwai 'yan sandunan azurfa, kowanne da sunan yankin da mai ita ya yi yaƙi. 'Yan sandan doki da yawa sun ajiye aiki sun tafi wannan yaƙi, domin sojan Birtaniya na neman waɗanda suka iya hawa da harbi. Sam Steele, jami'in wannan runduna, shi ya jagoranci dakarun Strathcona, sojan doki daga Kanada, a 1900. Cikinsu ne Sajan Arthur Richardson ya samu Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta sojan Birtaniya, bayan ya juya da dokinsa mai rauni cikin ruwan harsashi ya ɗauko wani kofur da ya faɗi.

Biyu na biye na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. Ɗaya ƙyallenta launin bakan gizo, ɗayar kuma azurfa ce mai hoton Sarki Joji na Biyar. Na duƙa sosai sai na ga an buga suna da muƙami a gefen kowace lamba, da ƙananan haruffa. Bakin azurfar ya ɗan cinye, alamar hannun da ya yi shekaru yana gogewa kafin fareti.

Can ƙarshen layi ga wata mai shuɗin ƙyalle da ratsin rawaya biyu.

"Yaya, zo ka ga wannan. Ita kaɗai ce ta aikin ɗan sanda."

Ya matso ya gyara tabarau. "Shi ne aka kai ta kurya?"

Haka tsarin yake, lambobin yaƙi ne a gaba. Ita wannan an ƙirƙiro ta a 1934, kuma sai mutum ya yi shekara 20 yana aiki ba tare da tabo ba ake ba shi. Idan ya kai 25 a ƙara masa sandan tagulla, 30 na azurfa, 35 na zinariya. Wata lambar yaƙin, 'yan watanni a fagen daga sun isa a same ta. Wannan kuwa shekara 20 ce ta sintiri cikin ƙanƙara da rabon faɗa da bin sawun ɓarayin dawaki. Ni dai da ni ke jeri, da ita zan fara. Yaya ya ce a'a, wanda aka harba ba ɗaya yake da wanda sanyi ya dama ba. Muka bar ta a haka.

Akwai kuma abin da ƙarfe ba ya faɗa. An yi wata lamba ta yaƙin 1885, lokacin da aka murƙushe boren mutanen Metis, wato ruwa biyu tsakanin Turawa da 'yan asalin ƙasar, da wasu daga cikin ƙabilar Cree. A wannan barikin aka rataye jagoransu Louis Riel ranar 16 ga Nuwamban shekarar. Jikokin waɗanda aka yaƙa suna nan a Saskachewan, kuma ba da idon da na kalli gilashin suke kallonsa ba.

Da rana ta take muka fita kallon faretin kurata, maza da mata, don tun 1974 ake ɗaukar mata. Horon nasu mako 26 ne. Na yi ta waige ko zan ga doki, ashe tun 1966 aka daina koya wa kurata hawa. Da ƙafa suka shigo fili, sajan manjo na daka musu tsawa, ya tsayar da wani dogo saboda takalminsa bai sha goga ba.